Kafin Shiga Ɗakin Gwaji, A Duba Tufafin Da Ke Jiki

A watan Disamba na 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka, wata matashiya 'yar shekara 23 tana ɗibar wani sinadari da sirinji, irin wanda ke kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa shi. Sirinjin ya kwance, sinadarin ya zube mata a jiki. Babu rigar gwaji a jikinta, suwaitar da ta sa kuwa ta yadin roba ce. Bayan kwana 18 ta cika a asibiti.

Abin da ya sa wannan labari ke damuna shi ne yadda ɗalibanmu ke shiga ɗakunan gwaji. Dogon hijabi har ƙasa, mayafi na lilo a kafaɗa, kaftani mai faɗin hannu, ƙafa kuma cikin silifa. Yawancin waɗannan yadudduka na roba ne, kuma roba idan ta ji wuta narkewa take yi ta manne da fata. Auduga ma tana ci, amma ba ta narkewa.

Ba sai an yar da sutura ba. Ɗaliba ta tanadi gajeren hijabi na auduga, ta cusa bakinsa cikin rigar gwaji, ta ɓalla maɓallai duka. Namiji ya bar babbar riga a waje. Kowa ya sa rufaffen takalmi da tabarau na kariya, malami ma haka, domin abin da ɗalibi ya ga malaminsa na yi shi zai kwaikwaya.

Idan tsautsayi ya sa wuta ta kama tufafi, kada a ruga da gudu, gudu hura ta yake yi. A kwanta a yi birgima, na kusa su kwara ruwa. Ƙuna tana son ruwa mai sanyi yana zuba a kanta har minti 20. Ban da manja, ban da man goge baki, ban da ƙwai. Sinadari in ya fantsama a ido, a yi ta wanke shi aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibitin makaranta da sunan sinadarin a rubuce.

Duk wannan sai da ruwa. Shugabannin sassa, don Allah, ranar da famfo ya ƙafe kuma babu ko duro ɗaya a cike, a ɗage darasin gwaji.