Wa Ke da Bakin Magana a Ɗakin Tiyata?

In aka ce za a yi wa mutum tiyata, abin da dangi ke fara tambaya shi ne, "Wane likita ne zai yi?" Da zarar an ambaci sunan wani babba, sai hankali ya kwanta. Neman gwani ba laifi ba ne. Amma ya kamata jama'a su sani, mai riƙe da wuƙa mutum ɗaya ne cikin mutane da yawa. Akwai mai sa barci, wanda ke lura da numfashin majinyaci da bugun zuciyarsa tun daga farko har ƙarshe. Akwai nas mai miƙa kayan aiki, da wata mai kai da kawo. A bayan fage kuma ga wanda ya turara almakashi da sauran ƙarafa don kashe ƙwayoyin cuta, ga wanda ya gwada jinin da za a ƙara. In ɗayansu ya yi sake, ko ya ga ɓarna ya kame bakinsa, gwanintar babban likita ba ta isa ta fid da majinyaci ba.

Ga abin da ya faru a Ingila cikin watan Maris na 2005. Wata mata mai shekara 37, uwar yara biyu, ta je asibiti da ƙafarta don a yi mata ɗan aiki a hanci. Da aka sa ta barci, sai aka kasa zura bututun numfashi a maƙogwaronta, iska kuma ta ƙi shiga. Manyan likitoci uku, kowanne da shekarunsa a aiki, suka duƙufa, wannan ya gwada, wancan ya gwada, har aka shafe wajen minti 20 iskar da ke jininta tana ƙasa ƙwarai. Nas-nas ɗin da ke wurin kuwa sun gane inda aka dosa. Ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta gaban wuya, ta ce ga su nan, ba wanda ya tanka mata. Wata ta je ta nemo gado a ɗakin kulawa ta musamman, ta dawo ta faɗa, aka yi mata kallon mai zuzuta abu, sai ta koma ta soke. Ƙwaƙwalwar matar ta lalace, bayan kwana 13 ta rasu.

To, ku duba. Ilimi akwai shi a ɗakin nan, kayan aiki akwai su, har an kawo su gaban likitoci. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗaga murya ya ce a tsaya, da wanda zai saurara. Mijin matar, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. Bai nemi a hukunta kowa ba, ya dai nemi a binciki al'amarin kamar yadda ake binciken haɗarin jirgi, don a gano yadda ƙwararru suka faɗa wannan rami. A sana'arsu, ana koya wa ƙaramin matuƙi ya faɗa wa babba gaskiya kai tsaye, ana kuma koya wa babban ya ji. A 2007 ya kafa ƙungiya don kai wannan tarbiyya asibitoci.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata 'yar takarda mai ɗauke da abubuwa 19 da za a tabbatar da su a kowace tiyata. Likitan tiyata ɗan Amurka, Atul Gawande, shi ya jagoranci tsara ta. An raba ta gida uku, wato sau uku za a dakata. Kafin a sa barci, a tambayi majinyaci sunansa, da aikin da za a yi masa, da gefen da za a yi. A ji ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. A maƙala masa na'urar nan ta yatsa mai auna iskar jini. In ana tsoron zai zubar da jini fiye da rabin lita, a tanadi na ƙari. Kafin a tsaga fata kuma, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar an ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce, likita ya faɗi inda yake jin aikin zai yi wuya. Kafin a fita da majinyaci, a ƙirga allurai da ƙarafa da ƙyallayen tsane jini, a ga sun cika cif, don kada a ɗinke ciki da wani abu.

Wani zai ce, mene ne amfanin faɗin suna ga mutanen da ke aiki tare? Na farko, a babban asibiti ba lalle ne sun san juna ba. Na biyu, kuma wannan ne babba, wanda aka ba shi dama ya buɗe baki tun farko, ba zai ji nauyin sake buɗe shi ba in ya ga abu ya karkace.

An gwada takardar a asibitoci takwas: a Toronto, Landan, Siyatil, Okland, Amman, Niyu Delhi, Manila, da Ifakara ta ƙasar Tanzaniya. Sakamakon ya fito a 2009. Kafin a fara aiki da ita, cikin kowane mutum 1,000 da aka yi wa tiyata, 15 ke rasuwa. Bayan an fara, suka koma 8. Masu samun matsala bayan aiki suka ragu daga 11 cikin 100 zuwa 7. Sai dai kada a ɗauka takardar laya ce. Da aka wajabta ta a asibitocin lardin Ontariyo na Kanada, binciken da ya fito a 2014 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. A ganina, ba abin mamaki ba ne. In nas ta zauna a lungu ita kaɗai ta cike takarda bayan an gama aiki, an cika umarni, amma ba a yi komai ba. Maganin yana cikin dakatawar da sauraron juna.

Wannan batu ya shafe mu, watakila fiye da Turawan. An tarbiyyantar da mu a kan girmama na gaba, yaro ba ya katse babba, ba ya gyara masa magana a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, kada Allah ya raba mu da ita. Amma kunyar da za ta sa ƙaramin likita ko nas ta ga ana shirin yanka ƙafar dama alhali ta hagu ce mai ciwo, ta yi shiru, wannan ba ladabi ba ne, cin amana ne. Nauyin gyara kuwa yana kan manya. Babban likitan da ya taɓa daka wa nas tsawa don ta ce ƙyalle ɗaya bai cika ba, ya rufe bakinta, ya kuma rufe bakin duk wanda ya ji. Shi ya kamata ya fara cewa, "Duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya tsayar da ni."

Haɗarin ma ba a ɗakin tiyata yake ƙarewa ba. A 2018 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, a kan majinyata fiye da 11,000. An tarar cewa wajen 2 cikin 100 sun rasu, kuma kusan dukkansu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, suna kwance a gadon asibiti. Ma'aikata sun yi kaɗan, majinyaci ya fara taɓarɓarewa ba wanda ya lura da wuri.

Nan ne majinyaci da mai jinyarsa suka shigo cikin aikin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, na asibiti ne ko jiƙo da gari na gargajiya, domin wasu na tsinka jini, wasu kuma ba sa jituwa da maganin barci. In an ce kada a ci abinci, kada a tausaya a ba da koko a ɓoye. Abin da ke ciki na iya tasowa ya faɗa huhu mutum yana barci. In an yi ta tambayarka sunanka da wurin da ke ciwo, kada ka ji haushi, aikinsu suke yi. Kafin ka sa hannu a takardar yarda, ka ce a yi maka bayani da harshen da kake ji.

Ke kuma mai jinya, ke ce idon da ba ya barin gadon. In kin ga numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi yana gumi, ko ciki na kumbura, ko jini ya jiƙa bandeji, ko fitsari ya ɗauke, ko ya fara sambatu, kada ki ce bari gari ya waye likita ya zo zagaye. Tashi ki kira nas, ki faɗi abin da kika gani da lokacin da ya fara. In ba ta zo ba, ki koma, cikin ladabi, ki sake kira har sai an zo.