Amsoshin Tambayoyinku: Neman Likitan Ƙoda

Wani mai sauraronmu daga Gashuwa yana tambaya: ta yaya zai samo wa mahaifinsa ƙwararren likitan ƙoda, ya kuma san ko inshora za ta biya?

To, Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka fara da likitan da ke duba shi, ya rubuta muku takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko na Aminu Kano, asibitin da ya soma dashen ƙoda a 2002.

Farar riga ba ita ce shaida ba. Kowane likita a Najeriya sai ya yi rajista da hukumar kula da likitoci ta MDCN, yana kuma sabunta lasisinsa duk shekara. Tambayi asibitin ko likitan ya kammala horon ƙwarewa kan ƙoda. Mai tambaya ba ya ɓata.

Batun inshora kuwa, je ofishin hukumar inshorar lafiya ta NHIA da ke asibitin da katin Baba. Tabbatar suna karɓarsa, ka nemi lambar amincewa daga kamfanin inshorarku, sannan ka ji ko wankin ƙoda sau nawa za su ɗauki nauyi.