Darasin Sana'a: In Kan Injin Buga Riguna Ya Toshe

Garin Arlit yana arewa da Agadas, wajen kilomita 240. An kafa shi a 1969 saboda ƙarfen uraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fid da ƙarfe a 1971, na COMINAK da ke Akokan kuma a 1978. Ranar 31 ga watan Maris 2021 aka rufe COMINAK, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Wanda ba shi da albashi tilas ya nemi sana'ar hannu. Ɗaya daga cikin sana'o'in zamani ita ce buga rubutu da hoto a kan riga: rigunan ƴan ƙwallo, na biki, na ƙungiyoyin ma'aikata ranar 1 ga Mayu, da na mata ranar 13 ga Mayu.

Aikin ba wuya. Inji yana fesa tawada bisa wata leda mai santsi. A barbaɗa garin gam, a gasa shi, sa'an nan a ɗora ledar kan riga a danne da guga mai zafi, wajen digiri 160, kamar daƙiƙa 15. Hoto ya zauna.

Abin da ke fesa tawadar shi ake kira kai. Shi ne ran injin, kuma a cikin kayansa babu mai tsadarsa. In ya mutu, sai an aika Yamai ko Kano, mai shago ya zauna jira, masu riguna suna zarya.

Me ke toshe kai?

A ƙarƙashin kai akwai kafofi ƙanana ƙwarai, ba su kai kaurin gashi ba. A injin Epson L1800, wanda ake yawan juyawa don wannan aiki, kowace kala tana da kafa 90. Asali an ƙera shi don buga hoto bisa takarda, da tawada mai tsinkewa. Tawadar riga ta fi ta kauri. Farar tawada ita ce mai wuyar sha'ani. A cikinta akwai wani farin gari mai nauyi. In ta daɗe ba ta motsa ba, garin ya kwanta ƙasa, kamar yadda gari ke kwanciya a gindin ƙwaryar fura, ruwa ya taso sama.

Masu yin tawadar suna son laimar ɗaki ta kai kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A Arlit iska busasshiya ce kusan duk shekara, ruwan sama kaɗan ne. Da bazara zafi yana wuce digiri 40. Ɗigon tawada da ke bakin kafa nan da nan yake bushewa. Da hunturu kuma ga ƙura. Abin haushi, watan Afrilu da Mayu, lokacin da aiki ya fi yawa, lokaci ne na tsananin zafi.

A fara gane ciwon

Mai shago ya zo da safe, ya buga, ya ga hoto da zane-zane, fari bai fito ba. Da yawa sai su hau danna maɓallin wanke kai, sau biyar, sau goma. Wannan kuskure ne. Tawada ta ƙare a kwalbar shara, iska ta shiga tiyo, ciwo ya ƙaru.

Abin da ya kamata shi ne a buga takardar gwaji. Kwamfuta tana da wurin yin haka. Inji zai fid da ƴan layuka na kowace kala. Don ganin fari, a buga bisa leda, a ɗaga ta wajen haske. A wanke kai sau ɗaya, a sake buga gwaji, a jera biyun a duba da kyau.

In giɓin yana nan wuri guda bai motsa ba, to tawada ce ta bushe a kafa. In giɓin ya ƙaura, ɗazu nan yanzu can, ba toshewa ba ce, iska ce cikin tiyo. Maganinta a duba ko tawada ta yi ƙasa a tanki, ko tiyo ya kwance, sa'an nan a bar inji ya huta. In kuwa kala guda ta ɓace ɗungum, a duba ƴar jakar da ke bisa kai, wadda ke tace tawada. Takan cika da farin gari. Ba ta da tsada, a canja ta.

Akwai wani wuri da ake mantawa. A gefen dama na inji akwai mazaunin kai, ɗan marfi mai bakin roba da soso a ciki. Nan kai yake kwana, robar ta rufe kafofinsa kada iska ta taɓa su. Ta nan ne kuma famfo ke zuƙo tawada lokacin wanki. In busasshiyar tawada ko ƙura ta taru a bakin robar, marfi ba ya rufuwa, famfo sai ya yi ta zuƙar iska. Gwajinsa da sauƙi. A ɗiga ruwan wanke kai cikin marfin har ya cika, a danna wanki. In ruwan ya tafi kwalbar shara, famfo lafiya lau. In yana nan, laifin ba na kai ba ne. Sau da yawa ana sayen sabon kai, alhali roba ce ke son shara.

Jiƙa ta fi ƙarfi

In an tabbata toshewa ce, kada wanki ya wuce sau uku a jere. A cika marfi da ruwan wanke kai, wanda ake sayarwa tare da tawada. A mai da kai bisa mazauninsa, a kashe inji, a bar shi ya kwana. Da safe a wanke sau ɗaya, a buga gwaji. Wani lokaci sai an yi haka kwana biyu ko uku.

Kul a sa allura ko tsinke. Kul a sa fetur ko kananzir. Ruwan famfo da na rijiya suna da gishiri-gishiri da ke daskarewa cikin kafa. In ruwan wanki ya ƙare, a nemi tataccen ruwa a kantin magani. Kada a ruɗe shi da ruwan batir mai cin fata.

Tura ruwa da sirinji shi ne dabara ta ƙarshe, kuma aikin gwani ne. Cikin kai akwai ƴan bango sirara, in an matsa da ƙarfi sai su fashe, kaloli su gauraye. In ruwa ya taɓa wayar kai aka kunna, kai da allon wutar inji duka suna iya ƙonewa. Tilas a zare waya daga bango, a kuma bar komi ya bushe kwana guda.

Aikin kowace rana

Da safe a girgiza farar tawada a hankali. A buga gwaji ko da babu aiki, ranar Juma'a da ranar salla ma. Inji mai aiki kullum ba ya cika toshewa, mai zaman banza shi ke mutuwa. Da yamma a share bakin marfi da robar da ke goge fuskar kai, da ɗan soso marar gashi.

A kashe inji da maɓallinsa, don kai ya koma mazauninsa. In wuta ta ɗauke ana cikin bugu, kai zai tsaya tsakiya, kafofinsa a buɗe. A zare waya, a tura shi da hannu a hankali har bisa marfi.

Ɗakin inji ya zama nesa da ƙofar titi, a toshe tagogi. A ajiye randa ko bokitin ruwa kusa, a rataya jiƙaƙƙen buhu. Kada iskar fanka ta bugi inji. Garin gam kuma a barbaɗa shi a wani ɗaki dabam, don yana tashi ya liƙe a fuskar kai. Mai tafiya Agadas ko Tawa na mako guda ya bar wa yaron shago makulli, ya nuna masa yadda ake buga gwaji.