Ladan Direba da Kwanakin Jira: Amsoshin Wasiƙun Masu Saurare

Jama'a masu saurare, na Zongo da Tokpa-Hoho da kewayen kasuwar Dantokpa, da waɗanda muryarmu ta riska a bakin tashar jiragen ruwa suna zaune a inuwar mota suna jiran layi ya zo kansu. Wasiƙun da suka taru a wannan mako, ko da yake hannuwa dabam-dabam ne suka rubuto su, kuma wasu masu su ƙarar juna suke kawowa ba tare da sun san juna ba, duk a kan sana'a ɗaya suka tsaya, watau tuƙin manyan motocin da ke kwasar kaya daga Kwatano zuwa arewa. Saboda haka na zaɓi uku daga ciki, zan bi su sannu a hankali gwargwadon abin da lokaci ya ba mu.

Ta farko daga wani direba ce, magidanci, wanda ya ce a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa, ya ce yana cikin waɗanda rufe iyaka ya rutsa da su a Malanbil a daminar 2023, da tirela cike da shinkafa, ya yi watanni yana gadin mota da kaya, yana ci daga aljihunsa har aljihun ya ƙare ya koma cin bashi. Da ya dawo ya nemi albashin waɗannan watanni, sai mai mota ya ce masa motar ba ta yi aiki ba, shi ma bai sami ko sisi ba, don haka babu abin da zai ba shi. Yana tambaya, shin yana da hakki ko kuwa ya bar wa Allah? Ya ƙara da wata tambaya a gefen takarda game da sallar da ya yi ta yi a can.

To, malam direba, Allah ya ba da haƙuri. Bari mu fara tuna wa jama'a yadda abin ya faru, domin wanda bai san hanyar ba ba zai gane nauyin maganarka ba. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya a kan kogin Kwara, motoci suka jeru a bakin titi iyakar ganin ido, masu kayan da ke lalacewa suna kallon dukiyarsu tana ruɓewa, mutane da ƙananan kaya kuwa suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe, har kayan da suka saba bi ta Paraku da Kandi suka karkata zuwa Lome, daga nan su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shiga Tera da rakiyar sojoji, a kan hanyar da direbobi da dama suka rasa rayukansu. Ba wanda ya shawarci direba kafin a yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce, amma shi ne ya kwana a ƙarƙashinsu.

Hanyar nan kuwa tsohuwa ce. Tun da layin dogo ya isa Paraku a 1936, kaya ke hawa jirgin ƙasa daga bakin teku, a sauke su can, manyan motoci su ƙarasa da su Nijar, su dawo da gyaɗa. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome, watau Benin ta yanzu, da Nijar don kula da wannan zirga-zirga, a 1965 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da jirgin ƙasa ya ja baya, sai nauyin duka ya sauko kan titi, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga nan zuwa Yamai ta koma wuyan mutum ɗaya da yaronsa. Wannan tafiya, in da tuƙi ne kaɗai, kwana uku ko huɗu sun isa. Abin da ke mai da ita makonni shi ne jira: jiran lodi, jiran takardun duwan, jiran sikeli, jiran a sauke, sannan jiran kayan dawowa waɗanda sau da yawa ba a samu. Alal haƙiƙa yawancin kwanakin direba a tsaye suke wucewa, kuma a kan waɗannan kwanaki ne ba a taɓa yin magana ba ranar da ake miƙa masa makulli.

Yanzu ga mas'alarka. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin ƙulla ijara a kan lokaci da ƙulla ta a kan kammala aiki. Wanda aka yi jinga da shi cewa in ya kai kaya wuri kaza zai karɓi kaza, ladansa yana rataye da isar kayan. Wannan shi ne abin da ke tsakanin mai mota da mai kaya. Amma wanda aka ɗauka da albashin wata, aka keɓe shi ga hidimar mutum ɗaya ta yadda ba shi da ikon yi wa wani aiki, ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa ga aikin, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Kai kuma ba a gida kake zaune ba; kana kwance ƙarƙashin motar maigidanka kana tsaron tayoyinta da baturanta da buhunan da ke cikinta, wanda in da ka tafi ka bar su, da shi ne zai fara kiran ka maciyin amana. Saboda haka, in dai da albashin wata aka ɗauke ka, kamar yadda wasiƙarka ta nuna, uzurin cewa motar ba ta kawo kuɗi ba uzuri ne da ya shafi cinikinsa da mai kaya, bai kai ga goge naka hakkin ba. Dokar ƙwadago ta wannan ƙasa ta Benin ma, wadda aka kafa a 1998, ta yarda da yarjejeniyar baka, don haka rashin takarda bai kore ka daga ƙofar sufeton ƙwadago ba, kuma aikinsa na farko sulhu ne kafin magana ta kai kotu.

Duk da haka ba zan ce ka fara da can ba. Ka ɗauki dattawa biyu na tasha waɗanda yake jin nauyinsu, ko liman na unguwa, a zauna a lissafa watannin. In ya tabbata shi ma karayar arziki ta same shi, jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci abu ne da addini ya kwaɗaitar, ka yarda ya biya kaɗan-kaɗan. Amma a rubuta adadin, shaidu su sa hannu, domin yafewa falala ce ta mai hakki, ba a ƙwace ta da ƙarfi.

Game da salla kuwa, a mazhabar Imamu Malik matafiyi yana cika salla ne in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Wanda kullum yake sa ran gobe za a buɗe ya wuce, kasarunsa ya inganta ko da kwanakin sun yi yawa; daga ranar da ya sakankance zaman zai kai kwana huɗu, sai ya cika. Ka duba wanne ne halinka, ka kai wa malaminka bayanin filla-filla.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce mai motoci, kuma da zafi ya rubuto ta, har alƙalami ya huda takarda a wuri biyu. Ya ce kullum a rediyo direba ne abin tausayi, mai mota kuwa azzalumi, alhali direbobi suna zuƙe gazuwal su sayar a hanya, suna ɗora fasinja da buhunan gawayi a kan kayan mutane, suna ƙirƙiro lalacewar da ba ta faru ba. Ya ce shi duk tayar da ta fashe da duk buhun da ya ɓace daga albashin direba yake cirewa, yana tambaya ko akwai laifi a haka.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ban musa maka ko ɗaya daga abubuwan da ka lissafa ba, kuma direban da ya sayar da man da aka ba shi amana ya ci haram, ko da albashinsa bai kai ya kawo ba. Na kuma san ƙuncin da kuke ciki. Kayan Nijar da ke sauka a tashar nan an daɗe ana raba su bisa yarjejeniya, kashi biyu cikin uku ga motocin Nijar, kashi ɗaya ga na Benin, mota kuma sai ta bi layi, ɗan kamasho ya cire nasa kafin a ɗora buhu ɗaya, ta yadda motar da ya kamata ta yi sawu da yawa a wata sai ta yi ɗaya da ƙyar, ga kuɗin inshora da na kanikawa ba sa jira. Wannan ƙunci shi ke sa a lafta wa mota abin da ya fi ƙarfinta don sawu ɗaya ya biya kuɗin biyu, alhali tun 2005 ƙasashen UEMOA suka ƙayyade nauyin da tirela za ta ɗauka, aka tsayar da tan 51 ga mai gatari shida, da ita da kayanta.

A nan ne nake so ka saurare ni da kyau. In kai ne ka amince da lodin da ya wuce ƙa'ida, taya ta fashe tsakanin Bembereke da Kandi, da wane dalili za a ce sakacin direba ne? Ma'aikacin da aka ɗauka da albashi amintacce ne a hukuncin shari'a, ba ya lamunin abin da ya lalace a hannunsa sai an tabbatar ya yi ta'addi ko ya yi sakaci, kuma tabbatarwar tana kan mai da'awa. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun tsananta a kan masu dakon abinci, suka ɗora musu lamuni in ba su kawo shaidar halakar kayan ba, saboda hannu yana saurin kai wa ga abin ci; sai dai wannan hukunci yana fuskantar wanda ya karɓi dakon ya ci ribarsa, ba a mayar da shi kacokan kan ɗan albashin da ke riƙe da sitiyari. In ka kama shi da jarka a hannu, ko mai saye ya yi shaida, cire abin da ya ci, ba wanda zai ga laifinka. Cirewa bisa zato kuwa, kowane wata, har mutum ya zo karɓar albashi a ce masa shi ake bi bashi, wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Akwai kuma kuɗin hanya, wanda a ganina shi ne tushen rabin rigimar da ke tsakaninku. Ana danƙa wa direba dunƙule guda a ce na mai ne, da na kuɗin titi, da na masu tsaron hanya, da na abinci, abin da ya yi saura nasa, in bai isa ba ya san dabara. Sharaɗin ijara shi ne lada ya kasance sananne ga ɓangarorin biyu tun kafin a fara aiki. Ladan da sai an ga yawan shingayen da aka tarar da yawan kwanakin da aka yi a Gaya kafin a san shi, majahuli ne, kuma wanda aka ce wa ya san dabara, to zai san ta, a tankin motarka. An sami sauƙin shingaye a ɓangaren Benin tun bayan da aka haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama runduna ɗaya a 2018, amma kwanan jira bai ragu da haka ba. Ka ware kuɗin mai dabam bisa awo, ka ware na hanya da rasit, ka yanka wa direba guzurin kowace rana da zai yi a waje, tafiya ko tsayuwa. Ka kuma tuna mafi ƙarancin albashi a wannan ƙasa ya tashi daga jaka 40 zuwa jaka 52 na sefa tun farkon 2023, kuma wannan ƙasan ma'auni ne da aka yanka wa kowane ma'aikaci, balle mutumin da ka damƙa wa dukiyar miliyoyi ya ratsa daji da ita cikin dare.

Ta uku gajeriya ce, wata baiwar Allah ce ta sa aka rubuta mata. Ɗanta yaron mota ne, shekara uku ke nan yana bin wani direba, shi ke ɗaure tamfol, shi ke sa waigi, shi ke dafa abinci, ba a ba shi komai sai abin da ubangidansa ya ga dama. Kwanan baya jak ya zame, mota ta danne masa ƙafa, aka kawo mata shi gida aka tafi. Tana tambaya wa za ta kama.

Inna, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Koyon sana'a a hannun ubangida al'ada ce mai kyau, kuma kusan duk direban da kika gani a Zongo ta nan ya biyo. Amma al'adar da ta ba ubangida hidimar yaro ita ce ta ɗora masa ciyar da shi da jinyarsa, ba a karɓi rabi a bar rabi. Asusun inshorar ma'aikata na CNSS yana da reshen haɗarin aiki wanda mai ɗaukar ma'aikata ne kaɗai ke zuba masa kuɗi, ma'aikaci kuwa kashi 3.6 cikin ɗari ake cire masa don fansho. Sai dai yawancin masu motoci ba su rubuta direbobinsu ba, balle yaran mota. Saboda haka ki fara da neman takardar likita mai nuna ranar raunin da irinsa, ki adana duk rasit na magani, ki nemi mutum biyu da suka ga abin da idonsu. Sannan kawunsa ko wani namiji babba na gidanku ya je wurin shugabannin direbobi na tashar da motar ke lodi, su kira direban da mai motar tare, domin motar tasa ce, a kan hidimarta yaron ya ji ciwo. In sun ƙi zuwa, da waɗannan takardu za a tafi ofishin sufeton ƙwadago. Kada ki bari a ba ki ɗan abin sayen magani a sa ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba.

Sauran wasiƙun da suka shafi lasisi da takardun ƙetare iyaka mun ajiye su sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.