Amsar Tambaya: Faifan saba ya cika maƙil

Wani mai kula da shafukan intanet ya rubuto cewa babban ɓangaren faifan sabarsa ta Linux ya cika, har MySQL ta ƙi tashi. Ina mafita?

Kada ya yi gaggawar goge-goge. Ya fara duba df -h, sannan du ya nuna masa inda nauyin yake. Galibi /var/log ne mai laifi, ko tsofaffin kwafin ajiya da aka manta da su. Umarnin journalctl --vacuum-size=200M zai rage jibgin rajistar systemd nan take.

Akwai tarko fa. In ya goge fayil ɗin da wata manhaja kamar Apache ke riƙe da shi, wurin ba zai dawo ba sai ya sake tayar da ita; lsof +L1 ke tona asirin irinsu. Binlog kuwa, wato rajistar canje-canjen MySQL, bayan MySQL ta farfaɗo, da PURGE BINARY LOGS ake share shi, ba da rm ba.