Daga Kano Zuwa Sakkwato A Jirgin Sama

Yara, in an tambaye ku nisan da ke tsakanin Kano da Sakkwato, kada ku yi gaggawar amsawa. Ku fara cewa, "Ta sama, ko ta ƙasa?" Gama nisan iri biyu ne.

Ku ɗauki taswira, ku miƙe zare daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato. In kun auna, za ku sami kimanin kilomita 370, watau wajen mil 230. Hanyar jirgi ke nan, ba kwana, ba gada, ba tudu. Mota kuwa sai ta biyo ta Gwarzo da Dayi, ta ratsa Malumfashi da Funtuwa, ta wuce Gusau da Talata Mafara, kafin ta isa ta ci fiye da kilomita 500.

A da ma ba a maganar sa'o'i. A shekarar 1824 wani Bature mai suna Kilafatan ya tashi daga Kano cikin watan Fabrairu, bai isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba sai tsakiyar Maris, tafiyar mako uku ke nan. Sai bayan shekara ɗari da ɗaya, a 1925, jirgin sama ya fara sauka a Kano.

To, bari mu yi lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 600 a sa'a, kowane minti yana cin kilomita 10. Ashe minti 37 sun ishe shi. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya hau sama a hankali, in ya kusa isa kuma ya rage gudu ya sauko. Saboda haka a ba shi kusan sa'a guda. In lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, yakan jinkirta, wani lokaci ma a fasa tashi.

Yanzu ku duba halin mutumin Lakwaya da aka aiko masa cewa ɗan'uwansa na kwance ba lafiya a Sakkwato. Shi yana yamma da Kano, kamar ya riga ya kama hanya. In jirgi yake so, dole ya juya gabas, ya ratsa ƙasar Kabo, ya shiga birni, ya biya kuɗi masu yawa, ya zauna jira. Daga Gwarzo kaɗai zuwa Kano wajen kilomita 70 ne. In kuwa mota ya zaɓa, yini guda zai yi a hanya, ga shi a shekarun nan 'yan fashi sun sha tare matafiya a dajin Zamfara, har mutane da yawa ba su yarda dare ya riske su a can.

Ku lissafa masa: tafiya zuwa Kano sa'a biyu, jira a filin jirgi sa'a biyu, tashi sa'a guda. In ya bar gida da ƙarfe 7 na safe, ƙarfe nawa zai sauka Sakkwato?