Amsoshin Tambayoyinku: Wurin Ninƙaya a Cikin Gida

Wani mai sauraronmu daga Barnawa a birnin Kaduna ya aiko saƙo yana tambaya: me ya kamata mutum ya kiyaye kafin ya gina wurin ninƙaya a gidansa? Muna godiya, Malam.

Abu na farko shi ne ruwa. Wurin ninƙaya mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin ruwa kusan lita dubu 50. Zafin bazara da iskar hunturu kuma kullum suna rage shi, don haka sai mai gida ya tabbatar rijiyar burtsatsensa za ta iya.

Na biyu, ƙasa. Ƙasa mai laka takan kumbura da damina, ta tsattsage da rani, har ta fasa kankare. A kira injiniya ya duba ta, a nesanta ramin da masai da saiwar darbejiya, sannan a nemi izinin hukumar tsara birane ta KASUPDA kafin a soma haƙa.

Na uku, kuɗin kulawa. Famfon tace ruwa yana aiki awanni da dama kullum, ga sinadarin kulorin. Idan wuta ta yi ƙaranci, ruwan ya tsaya, sai ya koma kore, sauro ya samu wurin haihuwa.

Mafi muhimmanci, shinge. Ƙaramin yaro kan nutse cikin 'yan mintuna ba tare da ihu ba. A kewaye wurin ta ɓangarori huɗu da shingen da ya haura mita ɗaya, mai ƙofar da ke rufe kanta. A sa kuɗin shingen cikin lissafi tun farko, Malam.